Saƙon da Ya Rasa Mafita: Daga Kwandon Tumatir zuwa Jikin Mai Feshi

Ina miƙa gaisuwa ga manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, da iyayenmu mata masu turara shinkafa, da dillalan Kwanar Gafan, da samarin da ke goya injin feshi tun da sanyin safiya. Maganar yau taku ce, ko da yake za ta zaga da mu ɗakunan bincike na ƙasashe masu nisa.

Kowane dillalin tumatir ya san wannan. Za a cika kwando da safe, wani ya yi ja, wani ya fara jirkicewa, wani ɗanye shar. A rufe baki, a loda a mota, a ɗauki hanyar Legas. Kafin a sauke a kasuwar Mile 12, ɗanyun nan duk sun bi sahu, na ƙasa kuwa sun zama ɗagwalo. To wa ya gaya wa ɗanyun cewa lokaci ya yi?

Jikin tumatir, da na shinkafa, da nawa da naka, duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya iya gani. A jikin baligi ɗaya akwai kimanin tiriliyan 30. Babu mai ido a cikinsu, babu mai kunne, amma aikinsu a tare yake tafiya, domin suna aika wa juna saƙo. Saƙon nan sinadari ne. Wata ƙwaya za ta haɗa shi ta saki. Wata kuma tana da wani furotin da aka ƙera daidai da siffar wannan sinadari, shi ne za mu kira makarɓi. Da zarar makarɓi ya cafke saƙo, sai labari ya bi hannu-hannu a cikin ƙwayar, har ya kai inda umarnin gado yake ajiye, ƙwayar ta sauya aikinta. Wadda ba ta da makarɓin, ko an yi mata wanka da sinadarin ba za ta san ana yi ba.

Saƙon da ke yawo a kwandon tumatir iska ce, sunanta etilin. A 1901 wani ɗalibi a birnin St. Petersburg na Rasha, Dimitry Neljubow, ya ga tsiron waken da yake reno a ɗakin gwaji ya ƙi miƙewa sama, sai kwanciya yake yi ta gefe. Da ya bi diddigi, sai ya tarar gas ɗin fitilar ɗakin ne, kuma abin da ke cikin gas ɗin da ke yin wannan aiki shi ne etilin. A 1934 Richard Gane a Ingila ya nuna cewa tuffa da kanta take haɗa wannan iska. Amma da me tsiro ke jin ta? Sai da aka yi kusan shekara 60 ana nema, har 1993, lokacin da Caren Chang da abokan aikinta a Kalifoniya ta Amurka suka gano makarɓin a jikin wata 'yar ciyawa da masana ke gwaji da ita.

Abin da bincike ya bayyana daga baya ya ba masana mamaki, ni ma har yau yana ba ni. Ku tuna ƙofar ƙarfen da ke bakin kanal, ruwa ya taru a bayanta, mai kula da ita ya danne ta. Makarɓin etilin shi ne mai danne ƙofar. Muddin babu etilin, yana kan aiki ba dare ba rana, yana hana umarnin nuna wucewa. Idan etilin ta zo, sai ta maƙale a jikin ƙwayar jan ƙarfe da ke tsakiyar makarɓin, shi kuwa sai ya saki hannu, ƙofa ta ɗaga. Wato tumatir ɗin da ya ƙosa a shirye yake tun tuni, riƙe shi kawai ake yi. Da an saki, sai ƙwayoyinsa su fara haɗa jan launi, su fara haɗa ƙamshi, su fara narkar da bangon da ya sa shi tauri.

Ba a nan ta tsaya ba. Tumatir ɗin da ya ji etilin, cikin abubuwan da yake fara haɗawa har da ƙarin etilin. Ga shi iskar ba ta bukatar yawa: ƙasa da kashi 1 cikin miliyan na iskar wuri ya isa. Tumatir ɗin da ya ji rauni kuwa, ko an matse shi, ko tsinken kwando ya soke shi, ya fi kowa sakin ta. A gona iska na kwashe ta ta watsar. A cikin kwandon da aka danna, aka ɗora wani a kansa, aka lulluɓe da tamfol, ba ta da inda za ta je. Sai ta taru, kowane tumatir yana ji, yana ƙarawa.

Ban ce etilin kaɗai ke ruɓar da kaya ba. Ta bakin rauni ne ƙwayoyin cuta ke shiga, zafin mota kuma yana hanzarta komai. Amma duk hanyar maganin ɗaya ce. A tsinka da safe, a ajiye a inuwa, a ware fasasshe tun a gona, kada a haɗa jajaye da ɗanyu idan tafiya mai nisa ce. A nisanta kaya da hayaƙin janareta da na salansar mota, domin akwai etilin a ciki. Ni dai a ganina kiret ɗin roba, mai ramukan shan iska, wanda nauyin na sama ba ya sauka a kan na ƙasa, ya fi ƙarfin kuɗinsa. Na san batun dawo da shi daga kudu yana da wuya, na kuma san akwai masu ci da saƙar kwando. Amma kayan da aka yi wata uku ana ba shi ruwa da taki bai cancanci ya mutu a kwana biyu na hanya ba.

Ga wani abu kuma da manoman bazara kan tambaya: me ya sa tumatir ɗin watan Afrilu kan fito ruwan lemo, ba ya yin ja jawur irin na hunturu? Saƙon ya isa, ƙofa ta buɗe, amma idan zafi ya haura digiri 30, haɗa jan launin nan yana tsayawa, ruwan ɗorawa ya ci gaba. Ba laifin iri ba ne a koyaushe.

Da aka san makarɓin, sai aka koyi toshe shi. A shekarun 1990 Edward Sisler da Sylvia Blankenship a Amurka suka samar da wata iska mai suna 1-MCP, wadda ke zama a gurbin etilin ta hana ta shiga, makarɓi ya ci gaba da danne ƙofa. Da ita ake ajiye tuffa wata da watanni. A kan tumatir tana jinkirta nuna, amma idan aka sa wa wanda bai ƙosa ba, ba zai nuna yadda ya kamata ba. Akwai kuma masu yi wa makarɓin ƙarya ta ɗaya ɓangaren. Kabaid ɗin masu walda da wasu ke cusawa cikin mangwaro da ayaba yana fitar da iskar da ta yi kama da etilin, ɓawo ya yi ruwan ɗorawa, ciki bai kai ba. Kabaid na ɗauke da gurɓatattun sinadarai masu guba, har da arsenik, shi ya sa NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansa. Wanda ke son ayabarsa ta nuna, ya sa nunanniya ɗaya a cikin ɗanyu ya rufe, saƙon gaskiya zai yi aikin.

Mu koma fangalin shinkafa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko, ruwa ya zama arzikin wannan yanki. Amma a watan Agusta da Satumba, inda magudanai suka toshe, ruwan nan kan haɗiye dashe ɗungurum. Ta yaya shinkafa ke sanin ruwa ya rufe ta? Ta hanyar etilin ɗin nan dai. Kullum tana fitar da ita kaɗan-kaɗan, iska na ɗauka. A cikin ruwa kuwa, tafiyar iska ta fi jinkiri kimanin sau 10,000. Etilin sai ta rasa mafita, ta taru a jikin ganye cikin ɗan lokaci. Masana a Utrecht ta ƙasar Holan sun nuna a 2019 cewa wannan taruwa ita ce ke fara sanar da tsiro ya shirya, tun kafin iskar numfashi ta ƙare masa.

Saƙon ɗaya ne, amma amsa ta bambanta daga iri zuwa iri. Shinkafar ruwa mai zurfi ta Asiya, da ta ji shi, sai ta miƙe da gudu, tana iya ƙara tsawon da ya kai santimita 20 a rana ɗaya don ta fitar da kai. Masana a Nagoya ta Japan sun gano ƙwayoyin gadon da ke sa ta yin haka a 2009. Shinkafarmu ta yau da kullum ma kan yi ƙoƙarin miƙewa, sai dai ba ta da wannan ƙarfi. Za ta cinye abincin da ta tara, ta yi tsawo siriri, ta yi fari, ruwa ya janye ta kwanta ta mutu. Akwai kuma wani tsohon iri na manoman Odisha a gabashin Indiya, FR13A, wanda ke amsawa da haƙuri. Da ya ji etilin ta taru, sai ya daina girma, ya riƙe abincinsa, ya jira, har kusan mako 2 a ƙarƙashin ruwa. A 2006 Kenong Xu da Pamela Ronald da David Mackill da abokan aikinsu suka bayyana ƙwayar gadon da ke yin wannan, SUB1A. Ta hanyar barbara tsakanin shinkafa da shinkafa aka shigar da ita cikin irin da manoma ke so. A Najeriya, a 2017, aka fitar da FARO 66 da FARO 67 masu wannan juriya, aikin cibiyar AfricaRice da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi. Wanda gonarsa ke tudu, irin shinkafar da ya saba ya ishe shi. Amma wanda fangalinsa ke kwari, ruwa na kwana a kai duk damina, ya tambayi malamin gona waɗannan biyun.

Saiwa ma da wannan iska take auna ƙasa. A 2021 masana daga Nottingham ta Ingila da Shanghai ta Sin suka wallafa cewa idan ƙasa ta danƙare, ramukanta suka toshe, etilin ɗin da saiwa ke fitarwa kan taru a bakinta, sai ta daina nutsawa. Da suka gwada shinkafar da ba ta jin etilin, sai saiwarta ta ratsa ƙasa mai tauri fiye da ta sauran. Ashe sau da yawa ba ƙarfi saiwa ta rasa ba, umarnin tsayawa ta samu. Ina fatan ganin ranar da za a gwada irin wannan a ƙasarmu, a tashar binciken noman rani ta Kadawa ko a Jami'ar Bayero. Kafin nan, abin da ke hannunmu shi ne takin gargajiya da ke buɗe ƙasa, da kuma hana tarakta shiga gona tana jiƙe sharkaf.

Kun ga kwando, da ruwa, da danƙararriyar ƙasa, duk abu ɗaya ne ke faruwa: saƙon da ya kamata ya wuce ne yake tsayawa ya taru. Wannan shi ya kawo ni ɓangaren da ya fi damuna, wato jikin ɗan Adam.

A 1921 Otto Loewi a ƙasar Ostiriya ya ɗauki zuciyar kwaɗo biyu, kowace a cikin ruwan gishiri tana bugawa. Ya taɓa jijiyar ta farko da wutar lantarki, bugunta ya ragu. Sai ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa ba. Ita ma bugunta ya ragu. Da haka aka san jijiya sinadari take saki. Sunansa asetilkolin. Duk lokacin da ka ɗaga fartanya, ko ka ja numfashi, jijiya ce ta saki wannan sinadari a wani ɗan gurbi da ke tsakaninta da tsoka, gurbin da gashin kai ya fi shi kauri sau fiye da 1,000. Makarɓi ya cafke, tsoka ta tsuke. Amma kafin ƙiftawar ido dole a share saƙon, in ba haka ba tsoka ba za ta saki ba. Akwai wani furotin da aikinsa ke nan, yana tsinka dubban ƙwayoyin asetilkolin a daƙiƙa 1.

Maganin ƙwari na fiya-fiya, da dangoginsa irin su kulofirifos, wannan furotin suke kamawa su ɗaure. Ƙwaro ya mutu ne saboda saƙo ya cika masa jijiya ba mai sharewa. Abin da nake so kowane mai feshi ya riƙe shi ne, da asetilkolin ɗin ƙwaro da naka iri ɗaya ne, furotin ɗin da ke share shi ma ɗan'uwan naka ne. Girman jiki da aikin hanta ne suka raba ku, ba wai maganin ya san ka ba.

Ba wanda ya manta 2016, shekarar da tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye tumatir daga Kano har Kaduna da Katsina. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta ƙetaro Afirka. Tana shiga tsakiyar ganye ta ɓuya, uwa ɗaya kan yi ƙwai sama da 200, kuma cikin kimanin wata ɗaya an sake sabon zubi. Manomi ya fesa, ba ta mutu ba, sai ya ce maganin jabu ne, ko ya yi sanyi. Jabu kam akwai shi a kasuwa. Amma sau da yawa wurin da maganin ke kamawa a jikin tsutsar ne ya sauya siffa. Cikin dubbai, 'yan kaɗan da aka haifa da wannan sauyi su ke tsira, su hayayyafa. Ko sababbin magungunan da ke aiki a kan tsokar tsutsa, masana sun tarar ta fara jure musu a tsibirin Sisili na Italiya tun 2014, da suka duba kuwa makarɓin ne ya canza. Idan makarɓi ya canza, ƙara murfi biyu ko uku a tanki ba zai kashe ta ba. Wanda ƙarin ke samu shi ne yaron da ke goye da tankin.

Kwalabe da yawa suna ɗauke da wata lamba ta rukuni a jikin takardarsu. 1B su ne dangin fiya-fiya, 3A wani rukuni ne, 5 da 6 da 28 kowanne da wurin da yake kamawa. Suna biyu daban, kamfani biyu daban, amma in lambar ɗaya ce, wuri ɗaya suke bugu. Sauya magani na gaskiya shi ne sauya lamba, bayan kimanin wata ɗaya, tare da tarkon ƙamshin mace da ke nuna maka ko malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar ya iso gonarka kafin ka kashe kuɗi.

Yanzu gare ku samari. Za ka ga yaro da tsakar rana, daga shi sai singileti, tanki na yoyo ta murfi, bayansa ya jiƙe sharkaf. Ya dama magani da hannu. Bakin feshi ya toshe, ya cire ya sa a baki ya hura. Ya gama ya ɓare goro ko ya kunna sigari bai wanke hannu ba. Waɗannan magunguna suna ratsa fata, gumi da zafi kuma suna buɗe musu hanya. Furotin ɗin da suka ɗaure, jiki kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya mayar da shi. Saboda haka mai feshin haya da ke yin gona bayan gona kullum yana farawa ne da ragowar jiya, har wata rana ɗan abu kaɗan ya kayar da shi. Masu gona, in kun ɗauki ɗan wani aiki, ku ba shi riga mai dogon hannu, da safar hannu, da takalmin roba, da abin rufe hanci, da sabulu da bokitin ruwa a bakin gona. Iyaye mata, fiya-fiya ba ta ɗakin kwana ba ce, ba ta buhun wake ba ce, kuma ba a ajiye ta a gorar lemo inda yaro zai kai hannu.

Alamomin ba sa ɓuya. Yawu na dalala, gumi na zuba, hawaye, amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ɗigo, tsoka na rawa a ƙarƙashin fata, ƙirji na kurari saboda majina ta cika huhu. Wannan na ƙarshe shi ke kisa. In kun ga haka, ku janye shi daga gona zuwa inda iska ke kaɗawa. Mai taimako ya rufe hannunsa ko da leda ce. A tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa manja, kada a ɗura masa madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, domin abin da ya amayar zai iya komawa huhu. A garzaya asibiti nan take.

A can likita na da allurar atrofin, wadda ke zama a kan makarɓan huhu da zuciya ta hana su jin saƙon da ya yi yawa, har majina ta bushe, numfashi ya dawo. Akwai kuma wata da ke kwance furotin ɗin da aka ɗaure, amma ta fi aiki idan an zo da wuri. Waɗannan allurai na wannan rukunin guba ne, ba na kowane maganin feshi ba. Shi ya sa likita ke bukatar ganin abin da aka fesa da idonsa. Ku tafi da kwalbar, ko da babu komai a ciki, ku ɗaure ta a leda, takardar jikinta na nan ba a yage ba.

A mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu zauna da malamin gona a kan yadda ake kafa tarkon sharon da yadda ake karanta abin da ya kama. Allah Ya ba da damina da rani masu albarka.